Yayayyen Agogo

Salulata ta faɗa kwatarniyar jima
ranar Laraba, ina jan fatar akuya.
Na tsamo ta tana warin bagaruwa,
fuska baƙi ƙirin, ba ta ƙara motsi ba.
Ta biyu ke nan a bana.

Ba kira nake wa baƙin ciki ba.
Mai nemana ya san ƙofata a Birni,
bayan dutsen da awaki ke hawa da hantsi.
Garayar yayana ce a ciki,
Ɗan Jimo, da muka rufe da damina:
kiɗi tara,
da tari ɗaya a tsakiyar na huɗu.
Allah ya rufa asiri, ɗan katin ya tsira.

Na sa hula, na shiga Kasuwar Dole.
Na ce, agogo nake so mai kiɗa.
Yaro ya zube mini goma kan tebur,
suna ƙyalli kamar haƙorin Makka.
Wannan yana ƙirga taku,
wannan yana sauraron zuciya,
wancan tsegumin barcinka yake kai wa.
Na ce, to, ya kaɗa mini garaya.
Ya ce, sai da salula a aljihu, baba.

Ashe duk jarirai ne.
Uwa ta gusa, su yi tsit.
Ni kuwa yayayye nake nema.

Kyari mai gyara, ƙarƙashin dogon yaro,
ya ɗago kai daga hayaƙin dalma:
Akwai yayayye, jaka ɗari da hamsin,
amma cikinsa a kulle yake,
mabuɗin na can wajen masu shi.
Akuya taka, igiya a hannun wani.
Ran da suka ga dama, ta daina ba da nono.

Na dawo gida da ƙafa.

Yagana, 'yar ƙanwata mai karatun na'ura,
ta zo hutu, ta tarar da ni ina yanka shiru.
Ta nuna ƙusar bango
inda zanen jakunkunan kakanmu ke rataye,
wanda kowane yaron shago ke saukewa,
ya kwaikwaya, ya rage, ya ƙara aljihu.
Ta ce, kawu, akwai masu ƙera agogo haka.
Sun shanya cikinsa a fili kamar barkono,
mai ido ya karanta, mai hannu ya gyara,
ba mai cewa wa ya ba ka izini.

Wata uku muna jira.
Ya biyo motar Kano ta Matamai,
cikin kwali, tare da buhun omo na wani.

Mummuna ne, in faɗi gaskiya.
Kauri kamar ƙosan jiya,
maɗauri na roba mai kama gashi.
Dare huɗu Yagana na kansa,
kuran ya tafi, kuran ya dawo,
tana gunaguni da yaren da ban sani ba,
har ta koya masa kalma uku na gida:
Kaɗa. Tsaya. Sake.

Batirinsa ba ya wuce la'asar.
Lokaci ma yakan yi masa gardama,
sai ladan ya raba su.
Ban damu ba.
Na yanke robar, na yar,
na ɗinka masa jar fata, ɗinki biyu,
na ɗaura shi can sama a dantse kamar kambu,
inda ruwan jima ba ya kaiwa.

Yau hannuna biyu cikin kwatarniya,
aljihuna fayau, ba abin faɗuwa.
Garaya na fita siririya kusa da kunne.
Na farko ya wuce, na biyu, na uku.
Tsakiyar na huɗu Ɗan Jimo ya yi tarinsa.

Sabon yaron shago, bai ɗago kai ba,
ya ce, sannu, baba.

Na ce, yawwa.