Lemo Mai Yatsu

Nomau direba ne ya kawo mini shi
daga Jos, cikin jiƙaƙƙen tsumma,
ɗan reshe, bai kai tsawon alƙalami ba.
Ya ce, "Malam Jatau, ga wahala na kawo maka,
mai lambun ya rantse 'ya'yansa yatsu gare su."
Na yi dariya har fura ta sarƙe ni.

Shekara talatin ina buɗe ƙofar ruwa a Bakolori,
ina kallon shinkafar wasu tana yin ciki.
Da na aje aiki na zauna gida Talata Mafara
sai na ce bari in reni abin da ba na tukunya ba.

Ido bakwai na ƙirga a jikin reshen,
lemun tsami bakwai na zaɓa a bayan ɗaki,
'yan shekara guda, masu taurin kai,
irin da bazara ba ta sa su sunkuya.
Tsaga a tsaye, tsaga a kwance,
reza sabuwa, hannu a wanke.
In ɗaga ɓawo kamar mai buɗe wasiƙa,
in cusa ido, in naɗe da leda,
ruwa kada ya shiga, iska kada ta leƙa.
Aure ke nan. Babu goro, babu maroƙi.

Biyu sun yi baƙi kafin mako.
Ɗaya gara ta ci ta ƙasa, ina ta yi masa sannu.
Akuyar Ige ta tsallake danga ta gama da biyu,
kwana uku ba mu gaisa ba.
Na shida ni na kashe shi da yawan ban ruwa,
son da ya wuce kima, saiwa ta ruɓe.
Na bakwai ya yi shiru kwana ashirin da ɗaya.
Wata Laraba, bayan asuba,
ya toho.

Damina uku na jira.
Tsutsa ta zo tana rubutu a ganye,
wani ajami mai lanƙwasa da ban iya karantawa ba,
na bi ta da ruwan darbejiya da sabulu.
Uwar ma ba ta haƙura ba:
kullum sai ta fiddo nata reshe ƙasan ɗauri,
mai ƙaya, mai saurin girma,
tana neman ƙwace abin da ta ba da aro.
Ina tsinke shi da farce,
ina ba ta haƙuri a zuci.

Da ya haihu yara suka gudu,
wai hannun aljani ya fito a bishiyar Jatau.
Yatsu tara, rawaya, a lanƙwashe
kamar mai shirin ɗibar tuwo.
Kulu ta yanka ɗaya, ta matsa, ta sake matsawa.
Ko ɗigo.
Ta ce, "Shekara uku don lemon da bai iya kuka ba?"
Ban ce komai ba.

Da sallah na buɗe adakarta neman hula,
ƙamshi ya tare ni tun daga murfi.
Ga shi nan kwance tsakanin atamfa da mayafi,
an naɗe shi da kallabin da ta fi so.
Na rufe. Har yau ban tambaya ba.

Yanzu hannuna rawa yake, reza ba ta yarda da ni.
Tumba, jikar Ige, ita ke yanka,
ni ina zaune kan turmi ina cewa a hankali.
Jiya ta aurar da biyar.
Ta ce nawa za su kama?
Na ce je ki ɗaure akuyarku tukuna.