Mai-Zakara

A rediyon Gonda mai shayi na ji,
tsakanin farashin gero da sanarwar rasuwa:
an janye shi daga kasuwa.
Suka faɗi sunansa na boko, ban gane ba
sai da suka ce jan kwali, mai hoton zakara.

Na ajiye kofin.

Shekara tara ina sayar da shi a Bagalam,
ƙwaya biyu dala biyar,
ga mai haƙori, ga mai jiri,
ga 'yan kabu-kabu da rana ta dafa wa ƙeya.
Ni na ce wa Barira: haɗiye biyu, kafin la'asar kin miƙe.
Ta miƙe. Har ƙosai ta aiko mini.

Yanzu wai yana cin jini a ɓoye
kamar gara cikin azara.
Ba kowa ba, in ji lokotoro, ɗaya cikin masu yawa.
To, wane ne ɗayan?

Daren nan na bi unguwa gida-gida ina kwance.
Na tsaya ƙofar Tsalha maɗinki
da muka kai makwanci bara da kaka.
Aka ce ajali.
Ajali ne. Amma ni na ba shi canji.

Na tashi na je kan ɗiyata Laure.
Duk damina in masassara ta kama ta
nakan raba ƙwaya da ƙumba,
in jiƙa rabi a cokali.
Na haska fitila, na ja fatar idonta.
Ta ture hannuna, ta juya, ta ci gaba da barci.

Kwali uku ke ƙarƙashin benci.
Bashi ne, jika arba'in,
kuma mai su ba ya jin rediyo ranar biya.

Da hantsi tsoho Nomau ya zo, kai ɗaure da ƙyalle.
Ba ni mai-zakara.
Na ce ya ƙare.
Ya ce duba dai.
Na ce ya ƙare, Baba, ga wani fari daga farmasi.
Ya jujjuya shi a tafin hannu:
wannan bai san ni ba.
Ya ajiye, ya nufi tasha, inda ba a rasawa.

Ina zaune bisa bencin,
dugadugaina na taɓa kwalayen.
Gobe zan kai su bakin Gulbi in cinna musu wuta.
Haka na ce jiya ma.