Taswirar da ke Ƙafata

Shekara talatin da ɗaya ina shiga Yamai ta ƙasa,
inda ba fitila, ba sallama.
Ku kun san gari da sunan titi,
ni da hanci na san shi:
Katako, ruwan rini da baƙin mai;
Bukoki, ƙanzo da kumfar wanki;
bayan asibiti kuwa, bari in yi shiru.
Ruwa ba ya tsami banza,
ni ne nake tarar da dalilin, har gwiwa.

Ran Talata aka aiko yaro da takarda,
wai Nomau ya zo meri, hawa na biyu.
Na wanke hannu sau uku.
Na tuɓe takalman roba a bakin ƙofa,
aka ce in shigo da su, na ƙi.

Malama Zali Tankari, injiniya,
ta shimfiɗa taswira, ta danne da waya da kofin shayi.
Jan layi, shuɗin layi.
Ta ce, “Baba, nan bututun ya bi?”
Na ce, a takarda, nan ya bi.
A ƙasa kuwa, tun daminar da ta ci katangar lakwal
muka karkata shi da hannunmu, ni da marigayi Gado,
ya ratsa ƙarƙashin rumfar mai faci.
Ba wanda ya rubuta.
Wa ke tambayar mai shebur?

Ta ɗauki abin gogewa.
Ban taɓa ganin an goge takardar gwamnati
saboda bakina ba.

Sai Arzika mai ajiya ya buɗe littafi,
ya yi gyaran murya irin na mai kawo labarin rasuwa.
Aikin duka: kuɗin da sifilinsa ya ƙi ƙarewa.
Abin da ke hannu: rancen banki da ruwansa,
harajin rumfuna, dala-dala daga tiren masu tumatir,
da alkawarin wasu baƙi masu farar mota
da suka ɗauki hoton kwata, suka toshe hanci, suka tafi.
In an tara, in an cire,
in ɓera bai shiga ba,
kilomita biyu.

Kilomita biyu,
a garin da ke haifar unguwa kowace shekara
ba a yanke wa ta bara cibiya ba.

Ɗaki ya kaure.
Wakilin Talaje ya buga tebur,
na Yantala ya fito da hoton wata tsohuwa bisa katifa jiƙaƙƙiya.
Kowa da gaskiyarsa, kowa da ƙofar gidansa.
Ni ma ina da tawa.
Duk watan takwas Tsahara na ɗora buhun gero kan gado,
mu kwana zaune, ƙafa a sama,
muna jin bokiti na yawo a tsakar gida.

Malama Zali ta miƙo mini fensir.
“Baba, in kai ne, ina za ka fara?”

Hannuna ya tsaya bisa Bukoki.
Allah ya gani, ya daɗe a wurin.
Sai ya gangara, ya bi kwarin Gunti Yena
har can ƙasa, inda bakin ya shaƙe da yashi da leda.
Na ce, nan.
Ruwa daga wutsiya ake buɗe masa ƙofa.
In kun faɗaɗa sama kun bar ƙasa a toshe,
kun saya wa na gangare likkafani da bashi.

Aka rubuta. Aka sa hannu, aka buga hatimi.
Bukoki ta faɗa kashi na uku,
wanda kuɗinsa ba a haife su ba tukuna.

Da magariba Tsahara ta tare ni a zaure:
“To, me manya suka ce?”
Na sauke abin da na ɗauko a kai daga Katako,
bulo huɗu, jika ɗaya da ciniki.

Ta dube su, ta dube ni.
Ta ce, “Kama can, mu ɗaga gadon.”