Kumfa a Man Giya

A hawan da ke bayan Darkhan
motar Tsermaa ta soma yi mata gardama.
Ta taka totur, inji ya kurma ihu,
tayoyi kuwa kamar ba da su ake ba.
Giya ta kama, ta saki,
ta sake kamawa da fizga.

Gombo bakanike bai tanka ba.
Ya bar injin ya ɗumama
a inda ƙasa ta miƙe,
ya zaro sandar awo, ya goge, ya mayar,
ya sake zarowa,
ya ɗaga ta a hasken dusar ƙanƙara.

Ja ne, amma kumfa ta hau shi
kamar nonon goɗiya da ya sha kaɗi.
Ya shinshina, ba ƙauri.
Ya murza, ba ɓurɓushin ƙarfe.
Bai yi fari ba,
ruwan lagireto bai shiga ba ke nan.
Sai dai ya haye layi da yatsa biyu.

"Wa ya ƙara miki mai?"

"Ɗana, daren da zai koma bariki.
Wai kada ya ƙare mini a hanya."

"Ya yi yawa, ƙarafa suka yi ta burga shi.
Iska ta shiga. Ita kuwa iska
in aka matsa ta, lotsawa take,
ba ta riƙe kaya."

Ya zura siririn tiyo,
ya zuƙe rarar cikin kwalba.
Zai zubar, ta riƙe hannunsa.
Ta cusa kwalbar cikin riga da ɗuminta,
ta tayar da mota.