Sashe na Bakwai

Ni ce Marlys Vondra, magatakardar garinmu,
mutum ɗari uku da tara, in an haɗa da na gidan tsofaffi,
can tsakiyar masarar Nebraska,
inda jirgin ƙasa ke ratsawa da dare bai ko yi mana sallama ba.

Shekara sha ɗaya ke nan da mutuwar masana'antar cuku.
Tantabaru suka gaje ta, ba wasiyya, ba shaida.
Muka ce mu tashe ta.
Jiha ta aiko da kundin ƙa'idoji, shafi tamanin da huɗu,
na karance shi a teburin kicin
har shayina ya huce sau uku.

Sashe na biyu ya ce: kawo dala, mu ɗora maka dala.
To, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Muka sayar da kek a ƙofar coci,
Dwayne Hruska ya kai maruƙansa biyu kasuwa,
matar marigayi Pokorny ta zo da gwangwanin biskit
cike da kuɗin da mijinta ya hana banki gani.
Har yanzu suna warin man tarakta.

Sashe na huɗu ya ce: ayyuka goma sha biyu,
cikakku, cikin shekara uku,
in an gaza a mayar da kuɗi.
Na ƙirga a yatsu, na ƙirga a takarda:
sha ɗaya da rabi.
Rabin nan Lupe ce, da safe kawai take iya fita,
don uwarta ba ta juyawa sai an juya ta.
Na duba fom ciki da bai,
ba gurbin da ake rubuta uwa.

Sai na bakwai.
Kada a kafa ƙusa ko guda
kafin takardar amincewa ta iso.
Takarda ta ce Maris.
Sama ta ce Nuwamba.

Rufin ya riga ya lotsa ta gabas.
Elwood Kuchar, mai shekara saba'in da shida,
wanda ya ci talatin daga cikinsu a ƙarƙashin rufin nan,
bai karanta sashe ba, gajimare ya karanta.
Ya jingina tsani ranar Asabar.
Ina ofis na ji guduma,
na ƙara wa rediyo murya.

Renata Okerlund ta zo daga Lincoln da motar gwamnati,
takalminta bai dace da taɓonmu ba.
Ta ɗaga kai. Kawunan ƙusoshi na ƙyalli
kamar haƙoran yaron da ya yi ɓarna.
Ta ce, yaushe?
Ƙarya ta zo min har bakin harshe,
na haɗiye ta, na faɗi ranar.

Ba ta yi faɗa ba.
Ta ce ta taɓa ganin garin da ya karɓi kuɗi
kan gadar da aka gama tun kafin a haife ta,
kowane sashe, in ji ta, akwai ɓarawon da ya haife shi.
Ta rubuta: gyaran gaggawa, ba ya cikin lissafi.
Dala dubu tara ta zame daga kasonmu
da jan biro ɗaya.
Kuna da zuwa Juma'a, ta ce,
ta sayi kek biyu, ta ƙi karɓar canji.

Da yamma Elwood ya tsaya a ƙofata,
hula a hannu, guduma a ƙugu.
Marlys, in zare su ne?

Daren nan ƙanƙara ta sauko, taku guda da rabi.
Da asuba na je da tocila,
na tsaya tsakiyar ɗakin tukwane.
Ƙasa a bushe.
Ko ɗigo.

Yau Laraba.
Muna da dubu biyu da ɗari shida,
Hruska kuma ya ce akwai sauran maraƙi ɗaya,
sai dai gurgu ne.