Makullin Ɗaki na Huɗu

Ni ke riƙe da makullin ɗakin gwaji na huɗu,
nan Marwa, kusa da Mayo Kaliyawo
wanda ya ƙafe har yara na buga ƙwallo a cikinsa.

Shekara uku Dakta Jaratu tana kan abu guda:
akwatin sanyi mai shan rana,
don albasar Meskin ta bar ruɓewa a rumbu
kafin farashi ya ɗaga kai.
Ni na riƙe mata waya, ni na narka dalma.
Ina nan daren da allurar awo ta gangaro
ta tsaya daidai inda ake so.
Ba ta yi guɗa ba.
Tabarau ta cire, ta zauna a ƙasa.

Kuɗin bincike kuwa suna Yawunde.
An ce an sa hannu.
An ce mai sa hannun ya tafi taro.
An ce a sake aiko takardu, kwafi bakwai,
hatimi bisa hatimi.
Batir biyu ta saya da albashinta,
na uku, na lura zoben hannunta ba ya nan.

Njidda, ɗalibin da ya zana ƙwaƙwalwar akwatin
a bayan tsohuwar takardar jarrabawa,
ya jira damina biyu.
Da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Yanzu yana can ƙetaren teku,
yana aiko mana hoton wani ɗaki
da fitilarsa ba ta taɓa ƙyaftawa ba.
Can sun ba shi kujera, mu mun ba shi haƙuri.

Ran Litinin na shiga kasuwa sayen fis,
sai ga ɗan'uwan akwatinmu cikin kwali,
da rubutun da ban iya karantawa ba,
sefa dubu ɗari takwas.
Wani dillalin albasa na shafa shi kamar sa,
yana cewa, "Mutanen can, akwai kai!"
Na haɗiye magana.
Na san inda kai yake,
na san wanda ya biya masa kuɗin mota.

Na dawo, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin fanka.
Ina cikin sharewa na ji takunta.
"Hamajoda, an biya?"
Na ce, "Ba a biya ba."
Ta daɗe tana kallon allo.
"To miƙo alli.
Jiya na kwana da wata dabara
wadda ba ta neman batir na huɗu."