Ƙofa Ta Takwas

Sun manna fuskarka a bangon Aboabo, Awudu,
daidai inda nake kafa tukunyar koko.
Tururi ya ɗaga maka kunne ɗaya,
kullum da asuba sai na danna shi da yatsa ya koma.

An ce a duba tarihin ɗan takara.
Yaran rediyo suka tono naka:
kwata biyu ka gyara, fitila huɗu a hanyar maƙabarta,
sai jawabin nan na bakin kasuwa
da ka ce irin su Shafi'u
ko inuwarsu ba za ta kwana a unguwarka ba.
Aka yi ta tafi. Ina wurin,
ludayi a hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Akwai tarihin da ba shi da takarda.
Damina uku ke nan, daren da aka ɗauke wuta,
wani ya ga kwalli a idon ɗana,
wani ya ce ya ga abin da ya fi kwalli a wayarsa.
Magana ta tashi daga baki ta koma sanda
kafin in gama ɗaura zane.
Ƙofa bakwai ya buga. Na ƙirga da safe,
ina bin ɗigon jini kamar mai cigiyar akuya.
Ta takwas taka ce.

Ka fito da singileti, tocila a hannu,
ka ce da samari: ba kowa a nan sai ni da tsohuwata,
wanda ya isa ya tsallake ni.
Shi kuwa yana ƙarƙashin gadonka
yana cizon hannunsa kada numfashi ya tona shi.
Kafin kiran salla ka kai shi Kejetia,
ka danƙa masa sidi ɗari biyu da takalmanka.
Sun yi masa yawa. Haka ya hau mota yana jan su.
Ka ce, Iya Memuna, wannan dare bai faru ba.

To, bai faru ba.
Ɗana yana Takoradi yana yi wa amare lalle,
yana turo mini kuɗin gero ta waya.
Ubansa ya rasu bara, a waya ya yi kukan.

Ranar Talata ka zo da jama'arka shan koko.
Kana miƙo kuɗi, idonka a kan ƙosai,
ka ce a hankali, yana lafiya?
Na ce lafiya.
Ka bar mini canji, ka karɓi lasifika,
ka maimaita musu maganar inuwa.

Abokin takararka ba ya raba baki da zuciya,
ƙanensa ne ya riƙe sandar farko.
Na san wannan. Kada ka zaci ban iya lissafi ba,
shekara talatin ina ba da canji cikin duhu.

Amma akwai wani yaro yanzu a shagon tela,
mai sanyin tafiya, mai rufe baki in zai yi dariya.
Yana tsaye ranar Talata da almakashi a hannu.
Ya ji bakinka. Bai san ƙofarka ba.
In darensa ya zo, ina zai nufa?
Ƙofar da ba wanda ya san tana buɗewa,
ita da bango duk ɗaya ne, Awudu.

Gobe zan bi layi a makarantar firamare.
Hotonka ne na uku a takarda, hula ta ɗan karkace.
Yatsa ɗaya aka ba ni, ku kuwa biyu ne:
mai singileti da mai lasifika.
Zan dangwala, in koma bakin tukunya,
tawadar ta kwana uku a farcena
tana tambayata wanne na zaɓa.